Ni Aka Aika Ɗauko Sabon Wasa

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai ko kai gwiwa ba, mu samarin ƙauyenmu na kusa da Kamarawa muka rasa abin yi. Gona ta bushe, ko ciyawar cirewa babu. Sai muka duƙufa kan wani wasan harbi na waya, wanda ake haɗuwa a intanet a yi ta ɗirka wa juna bindiga. Mun haddace kowane lungunsa, har da wata ƙonanniyar mota a bakin gada, inda kullum ake kashe ni.

Ana nan sai labari ya zo cewa na biyunsa zai fito. Sabon gari, sababbin bindigogi, har aka ce ruwan sama ake yi a ciki. Wallahi wannan ruwan ya fi bindigogin jan hankalinmu.

Sabis ɗinmu yana ɗaukar wasa da ƙyar idan an hau tudun bayan makaranta, amma sauke babban abu sai a Sabon Birni. Al'adarmu ita ce a tura mutum ɗaya a babur ya sauke, ya dawo ya tura wa kowa waya zuwa waya. Ni aka zaɓa, don ni kaɗai ne ba a taɓa kamawa da ha'inci a aike ba. Ba ni da gona mai kyau, ba ni da hannun harbi, wannan shaidar ce kawai abin tinƙahona.

Kowa ya goge tsohon wasan don a sami wuri. Wani ango har hotunan aurensa ya share.

Na yini a shagon cajin waya a bakin kasuwa har abin ya sauka. An yi alkawari tare za a buɗe, ni kuma uban 'yan amana ko leƙawa ban yi ba. Da la'asar na iso, aka tarbe ni kamar na dawo daga Makka. Na tura wa kowa, muka hau tudu, muka buɗe.

Ga gada. Ga ƙonanniyar mota, an dai ƙara mata ƙyalli. Ruwan sama kuwa ko ɗigo. Ashe kamfanin da ya yi wasan, tsohon suka wanke suka sake saki. Kafin in gama mamaki an kashe ni a wurin da aka saba.

Taubashina, ɗan kawuna, wanda ya so a aike shi aka ƙi, ya miƙe.

“Kai, hwaɗi gaskiya, ina ka tsaya? Wanga ai namu na, wanda munka goge!”

“Wallahi Sabon Birni na tahi, shi na sunka saki.”

“Kamfani guda su zauna su sake sakin tsohon abu? Su mahaukata na? Hura kash sha a hanya ka dawo muna da naka!”

Kowa ya yarda da shi, don ba wanda hankalinsa ya ɗauki cewa manyan mutane masu ofis za su yi irin wannan rashin kunya. Angon ya riƙe min wuyan riga yana neman hotunansa. Raina ya ɓaci har na ji hawaye, na yi rantsuwar duniya ba wanda ya saurara.

Taubashin ya ce, “Gobe ni za ni tahi, ku ga aiken maza.”

Ya tafi. Shi da yake ba ya da amana, can ya buɗe ya ga tsohon ne dai. Maimakon ya dawo, sai ya wuce Isa wajen gwaggonsa ya yi kwana uku. Ranar da ya shigo gari ba wanda ya tambaye shi komai, ba kuma wanda ya ba ni haƙuri. Muka ci gaba da buga tsohon muna tsine wa masu shi.

Gaskiya ta fito, amma ba ta kai inda ƙaryar ta kai ba. Mahaifiyata ba ta san wasa ba, abin da ta ji a bakin rijiya kawai shi ne an aiki ɗanta sabo ya kawo tsoho. A makon nan ta ba ni sautun manja, na kawo. Ta buɗe kwalbar a gabana, ta sansana, ta ɗanɗana, sannan ta ce min sannu.