Hular da Ba Ta Kan Ƙusa

Wata rana, a Gusau, wani saurayi yana zaune a ƙofar shagon ɗinki ya zuba wa titi ido, amma ba titin yake kallo ba.

Sunansa Nafi'u.

Shagon na mahaifinsa ne, Malam Sha'aibu Tela, wanda Allah ya yi wa rasuwa a farkon damina. An yi zaman makoki an watse. Kawunsa ya ba wani mai sayar da wayoyi hayar wurin. Washegari da safe mai fenti zai zo, a fitar da keken ɗinki, a shafe bango.

Nafi'u bai ja da maganar ba, don shi bai koyi ɗinki ba.

Abin da ke cin ransa daban ne.

Ba shi da hoton babansa. Ko ɗaya.

Malam Sha'aibu mutum ne da ba ya shiri da hoto. In an ɗaga waya a wurin suna ko ɗaurin aure, nan take zai tuna alwalarsa ta karye. Hoto guda da aka taɓa kama shi a ciki na wani tsohon katin takarda ne, shi ma Inna, mahaifiyar Nafi'u, ta wanke shi a aljihun riga, fuskar ta koma kamar an ɗiga koko a takarda.

To kwanakin nan, in Nafi'u ya rufe ido yana neman fuskar babansa, sai ta ƙi zuwa.

Muryar tana nan. Ɗan tarin nan na safe yana nan.

Fuskar ce take ja da baya a hankali, kamar mutumin da ka raka tasha, motarsa tana ƙara nisa.

A tsallaken titi, gindin wata dalbejiya, akwai wata ɗaliba da ta fara zuwa layin duk Asabar, bayan an riga an rufe shagon. Hindatu sunanta. A kwalejin horon malamai take, tana karanta yadda ake koya wa yara zane.

Ranakun mako tana aji. Asabar kuwa titi ne ajinta.

Takan zo da 'yar kujera, da ɗan katako da take ɗora takarda a kai, da baƙin biro. Ta zana masu keke suna rigimar fasinja. Ta zana tulin kankana. Ta zana wayoyin lantarki da suka harɗe a kan turke kamar taliyar da ta kwana.

Ba ta amfani da fensir, ba ta gogewa. In layi ya karkace haka take barinsa, ta ce ai titin ma a karkace yake.

'Yan layin suka sa mata suna Malama Mai Biro.

Ranar dai Nafi'u ya daure ya tsallaka. Ya yi sallama, ya tsuguna daga gefe, ya faɗa mata buƙatarsa yana kallon ƙasa.

Ta ajiye biron. "Allah ya jiƙansa da rahama. Amma Malam, ni abin da ke gabana nake zanawa. Ban taɓa ganinsa ba."

Ya ce zai kwatanta mata.

Ta ga yadda idonsa ya yi, sai ta ce to, a gwada.

Kun san layinmu, magana ba ta zama ta mutum biyu. Kafin Nafi'u ya gama cewa babansa siriri ne, Ɗanliti mai tsire ya baro tukubarsa, Iya Kande mai ƙosai ta taso da matsami a hannu. Duk maƙwabtan marigayin ne tun Nafi'u yana goye.

"Hancinsa dogo ne, Malama," in ji Ɗanliti.

"Dogo a ina?" in ji Iya Kande. "Kai da hayaƙi ya gama da idonka. 'Yata, rage hancin nan."

"Ƙara masa gemu."

"Gemun nan ai ko akuya ta fi shi. Ɗan kaɗan ne a haɓa."

Hindatu tana ja, suna gyara mata. Wannan ya ce goshi ya yi faɗi, waccan ta ce kunne ya yi ƙanƙanta. Da ta gama ta ɗaga takardar.

Kowa ya zuba wa takardar ido.

Iya Kande ta matso da fuskarta, ta ja baya, ta ce, "Wannan ai Ɗanliti ne ranar da bai yi ciniki ba."

Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Har Nafi'u sai da ya dara, dariyarsa ta farko tun ranar da aka dawo daga maƙabarta.

Amma da dariyar ta lafa, sai ya ji ƙirjinsa ya fi ɗazu nauyi. Mutanen da suka zauna da babansa shekara da shekaru, su ma sun kasa haɗa fuskarsa.

Ya miƙe zai yi godiya ya tafi.

Hindatu ta ce, "Makullin shagon yana hannunka?"

Yana hannunsa.

Ya buɗe. Ƙamshin man keke da na sabon yadi ya fito ya tare su a ƙofa.

Ta jawo kujerarta ta zauna a bakin ƙofar, ta sa sabuwar takarda. Ta ce malaminsu a kwaleji kullum yana faɗa musu kada su zana abin da kansu ya sani, su zana abin da idonsu ya gani.

Sai ta fara, tana yi tana tambaya, irin yadda ake tambayar 'yan firamare.

Ta zana keken ɗinki, da kwalin da aka ninke aka cusa a ƙarƙashin ƙafarsa ɗaya don kada ya yi rawa.

Ta ce me ya sa matakin keken ya goge ta gefe guda har yana ƙyalli. Nafi'u ya ce da ƙafar dama kaɗai Baba yake takawa, ta hagun tana masa ciwo in an yi sanyi.

Ta zana awon mutane da aka rubuta da alli a jikin ƙyaure, wani kan wani. Ɗanliti ya leƙo ya hango nasa, ya rantse cikinsa bai taɓa kai haka ba.

Ta zana benci da ya lotsa ta ƙarshe ɗaya.

Ta kai ga wani baƙin tabo a bango, zagayayye, daidai saman kujera. Ta ce wannan fa?

Nafi'u ya ɗaga kai ya dubi tabon. Ya ce nan Baba yake jingina kai bayan azahar, ya ce ba barci yake ba, tunani yake.

Ta zana tabon yadda yake. Ba ta rage ba, ba ta ƙawata ba.

Sama da tabon akwai ƙusa guda, ba komai a kanta. Ita ma ta zana ta.

Ɗanliti ya gyara murya, ya ce a hankali, "Kamar dai ya je masallaci ne yanzu zai dawo."

Nafi'u ya duƙa yana kallon takardar. Komai yana nan. Abu ɗaya ne babu.

"Malama, saura hula. A ƙusar nan yake rataye ta."

"Ni ban ga hula ba."

"An bayar da ita tare da kayansa."

"Kai ka gan ta?"

"Kullum."

Ta miƙa masa biron. "Bismillah."

"Ni ko layi miƙaƙƙe ban iya ja ba. Zan ɓata miki aiki."

"Yaran da nake koyarwa ma haka suke cewa. Kuma an hana mu riƙe musu hannu."

Ya karɓa. Ya san biro ne, ba gogewa.

Ya ja zagaye, ya fito kamar ƙwai. Ya tsaya. A'a, ba haka take ba. Tsohuwar zanna ce, kuma tana da ɗan lotsi a gaba, inda Baba yake kama ta da yatsu biyu.

Ya ja lotsin.

Yana jan lotsin sai ya ga yatsun. Babban yatsa mai kanta saboda almakashi.

Daga yatsun sai hannu ya ɗaga hular.

Sai ga goshi, da layin nan da bakin hula yake bari a kai.

Sai ga gira ɗaya ta ɗaga sama da tabarau, yadda Baba yake yi in Nafi'u ya shigo neman wani abu bai gaishe shi ba tukuna.

Sai ga fuskar gaba ɗaya. Ta dawo, ta tsaya a gabansa, har da murmushin nan da yake ɓoyewa a gefen baki don kada a raina shi.

Ba a takarda ba. A cikinsa.

Nafi'u ya tsaya da biro a hannu, hawaye yana sauka, bakinsa kuma yana murmushi.

Ɗanliti ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ɗan Malam, wannan hula ce ko murfin tukunya?"

"Rufe mana baki," in ji Iya Kande tana goge ido da bakin mayafi. "Haka take. A karkace yake rataye ta."

Hindatu ta cire takardar ta miƙa wa Nafi'u. Ya ce aikin makarantarta fa, ba ranar Litinin za ta kai ba? Ta ce kada ya damu, za ta zana tukubar Ɗanliti a madadi, in dai mai ita zai iya yin shiru ya tsaya wuri ɗaya.

Ɗanliti ya ce sai dai ta kai farar takarda.

Washegari mai fenti ya zo kamar yadda aka shirya. Kafin azahar tabon ya tafi, allin ya tafi, an zare ƙusar. Bango ya yi shuɗi fes, kamar ba wanda ya taɓa jingina da shi.

Nafi'u ya tsaya ya kalla har aka gama. Ya yi masa zafi, amma ba irin zafin da ya zata ba.

Ya kai wa Inna zanen.

Ta riƙe shi nesa da ido, ta daɗe tana kallo. Can ta sa yatsa a ƙasan keken.

"Dubi kwalin nan. Shekara da shekaru ina cewa ya kai a gyara ƙafar keken nan, yana ce mini gobe."

Ta yi dariya. Sai idonta ya hau sama, ya tsaya a kan ƙusa.

"Wa ya zana hular?"

"Ni ne, Inna."

"Na ga alama," in ji ta. "Duk ta fi muni. Kuma ita ta fi kama da shi."

Zanen yana ɗakinta yanzu, sama da inda take shimfiɗa sallaya. Babu mutum a cikinsa, amma duk wanda ya san Malam Sha'aibu in ya shigo sai ya ce Allah ya jiƙan Malam.

Darasi:

Mutum ba ya tafiya gaba ɗaya. Yana barin kansa a inda ya jingina, da inda ya taka, da abin da ya ce zai gyara gobe. In ka rasa wani, kada ka yi saurin cewa ba abin da ya rage maka. Ka zauna ka kalli wurinsa da kyau. Kuma akwai abin da ba gwanin da zai iya zana maka, sai kai da ka gani, ko da layinka zai karkace.

Wanda nasa suke raye kuwa, yau in ka koma gida ka kalli fuskarsu sosai, ba kallon mai sauri ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya.

Ka tura wa wani da ka san yana kewar nasa. In kai ma akwai abin da wani ya bar maka a bango ko a kan ƙusa, faɗa mana a ƙasa, mu taya ka yi masa addu'a.