Ranar da Na Sassauta Wayar Motar Mijin Adda

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zan manta da ranar da wasana ya kusa sa yayata ta haihu a kan gadar Binuwai.

A lokacin ina da garejina a Garwa, shekara shida ina gyaran mota, amma mijin yayata, wanda muke ce wa Alhaji, bai taɓa kawo mini tasa ba. Ɗan kasuwa ne, kuma abokin wasana. Kullum sai ya ce, "Kai da ka koyi aiki a gindin darbejiya? Motata sai mai difiloma." Ina dariya, amma maganar tana cina.

Wata Laraba na je gaishe da yayar tawa, wadda muke kira Adda, cikinta ya tsufa. Na tarar Alhaji ya bar bakin motarsa a buɗe ya shiga salla. Shaiɗan ya ce mini, ga dama. A maƙogwaron injin akwai wata 'yar na'ura da muke kira kaftar, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota iya yadda direba ya taka totur. Na sassauta filoginta kaɗan, yadda za ta riƙa kamawa tana saki. Lissafina shi ne mota ta yi ta shaƙuwa, ya sha yawo, a ƙarshe ya zo ya roƙe ni.

Haka kuwa aka fara. Ya taka ta ƙi, ya saki ta zabura. Mai difiloman da ya kai wa ya canza fulogogi, ya wanke tanki, ya ce man ne ba kyau. Kwana uku ina jin labari ina ƙunshe dariya.

Ranar Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara. Alhaji ne. Shi da Adda sun kai ziyara ƙetaren kogi, naƙuda ta taso mata, ga mota ta mutu a tsakiyar gada. Na yar da aikin da ke hannuna. Ban san yadda na hau babur ba.

Na tarar manyan motocin auduga sun jeru a bayansu suna ta oda, wani direba na zagi da Fillanci, wani da Faransanci. Adda na kwance a kujerar baya tana salati. Ban gaishe da kowa ba. Na ɗaga bakin mota, na kai hannu kai tsaye, na danna filogin ya ce ƙas. Na ce, "Tayar!" Ta tashi lafiya lau.

Alhaji ya rungume ni yana cewa, "Ashe kai gwani ne! Na ɗauki alhakinka." Sai Adda ta ɗago kai, gumi na zuba, ta harare ni.

"Kai, zo nan. Wane bakanike ne ke gano ciwo bai duba ba?"

"Adda, ai gwaninta ce."

"Gwanintar gidanku. Ni na goye ka. Bari in sauka lafiya."

Mun isa asibiti, ko rabin awa ba a yi ba ta haifi 'ya mace. A ɗan lokacin nan na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Da aka ce uwa da 'ya lafiya, na ja Alhaji gefe na faɗa masa gaskiya. Ya zare mini ido, har na fara neman hanyar gudu. Can ya ce, "To, tunda ka san inda ake ɓata ta, ka san inda ake gyara ta. Daga yau kai ne bakanikenta. In ta yi tari, ko a can dajin Fuli ne, kai za ka je." Kuma ya cika alkawari, don sau biyu ina bin sa har daji da akwatin sifanu.

Adda kuwa sai da ta yi arba'in sannan ta murɗe mini kunne a gaban matata.

Abin da na koya shi ne, mota ba ta san wasa ba, kuma ba ka san wanda za ta ɗauka gobe ba. Tun ranar, in na taɓa waya a injin mutum, to gyara na zo yi.