Littafin Dije da Bai Je Kano Ba

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar matata Dije, Allah Ya jiƙanta. Duk shekara in wannan wata ya kama, nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana na ga shirun ya isa haka.

’Yar Aujara ce, jikar Fulanin da suka zauna suka kama noma. Ta gama sakandare kafin mu yi aure. Da aka ƙirƙiro Jigawa aka kwaso mu ma’aikata daga Kano, sai muka tare a Dutse, ɗaki biyu a gidan haya, ruwa sai na ’yan garuwa. A nan ta fara rubutu. In ta ɗora sanwar rana, sai ta zauna a ƙofar kicin da littafi irin na ’yan makaranta a kan cinya. Ni na ɗauka abin rage zaman banza ne.

Ita da gaske take. Ta ga littattafan da mata suka rubuta a baje a kasuwa, ta tsaya ta tambayi mai sayarwa yadda ake yi, ya ce Kano ake kaiwa a buga. Ta dawo ta ce da ni tana so wannan ya zama sana’arta, kamar yadda maƙwabciyarmu ke da keken ɗinki. Shekara uku tana kan labari ɗaya. Ta cika littafi shida, ta sake kwafe su tsaf, ta naɗe a ɗankwali, ta miƙa mini ranar da aikin ofis zai kai ni Kano.

Lokacin an fara aiki da shari’ar Musulunci. Kusan kowace Juma’a sai an taɓo, a huɗuba, littattafan soyayya da matan da ke rubuta su. A ofis kuwa, shugabanmu cewa yake duk wanda ya bar matarsa ta yi wannan, bai isa da gidansa ba. Ni kuma ina jiran ƙarin girma. Babu wanda ya hana ni, don babu ma wanda ya san Dije na rubutu. Ni da kaina na biya ofis kafin in hau mota, na jefa ƙunshin a durowar ƙasa, na murɗa mukulli.

Da na dawo na ce mata na kai shagon masu buga littattafai, sun karɓa, za su duba. Bayan wata biyu na ce takarda ta yi tsada. Daga baya na ce mai shagon ya tafi aikin hajji. Da ƙaryar ta ƙare mini, sai na zaɓi wadda za ta kashe maganar gaba ɗaya: na ce sun ce bai kai a buga ba.

Tana tankaɗe a lokacin. Ta ajiye rariyar ta dube ni.

“Sun karanta har ƙarshe, Malam?”

Na ce sun karanta.

“To, in ka koma ka yi musu godiya. Sun fi ni sani.”

Daga ranar ban sake ganin biro a hannunta ba. Ragowar littattafan da ba ta taɓa ba, ta raba wa yaran maƙwabta su tafi da su makaranta. Bayan shekara biyu ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta.

Sai bayan sadakar arba’in na buɗe durowar, na karanta a karon farko. Labarin kakarta ne, yadda take ɗaukar ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwar Jahun, da shekarar da ciwo ya karkashe musu shanu. Babu ko kalma ɗaya ta abin da na ji tsoro. Ko da akwai ɗin ma, ba ni da hujja.

Yau mata na rubutu a waya daga tsakar gidajensu, ana karanta su a rediyo, ana kiransu taro a ba su kyauta. Wasu daga cikin masu zagin jiya, yanzu da ’ya’yansu marubuta suke tinƙaho. Nakan tambayi kaina me Dije za ta ce in ta ga wannan. Na san ta: murna za ta taya su, ta ce su Allah Ya ba su baiwar da bai ba ta ba. Wannan ne yake cin raina. Ba littafi kaɗai na hana ta ba. Na sa ta shiga kabari tana ganin ba ta iya ba.

Ƙarin girman na samu, na yi ritaya, yau babu mai tunawa da wace kujera na zauna. Abin da ya rage na Dije shi ne littafi shida da rubutunta mai kwanciya gefe ɗaya, sai ’yarmu Nusaiba, wadda ke koyarwa a Miga. Bara ta tambaye ni me ya sa Innarta ta daina rubutu. Na ce ban sani ba.

Nusaiba, na sani. Ni ne. Littattafan suna cikin akwatina, ki zo ki ɗauka.