Tagar Salamatu

Duk wanda ya zauna tsohon Zongon Lome ya san Buraima mai hoto, kuma yawanci da haushinsa suka san shi. Ka je ɗaukar hoton katin jam'iyya, ya zaunar da kai, ya ce kada ka motsa. Malam-buɗe-littafi na giftawa sai ya sungumi kyamara ya bi shi, ya bar ka a sandare. Ni da nake sayar da koko a ƙofar gidansa na sha kallo.

Ƙwari ne abin sonsa. Bangon shagonsa hotunan fara da buzuzu sun fi na mutane yawa. In ya kama ka da bayani, ko sallah za ka sai ya raka ka bakin masallaci. Mu da muka tashi da cewa zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake sata ya mayar ɗansa, shi ya nuna mana ƙwan a hoto. Tsutsar, in ji shi, guzurin ɗan ce.

Matarsa Salamatu kuwa tsabta ta yi mata yawa. Zanzaro ya yi gini, ta sa tsintsiya ta rushe, su kwana suna faɗa. Haka suka tsufa, su biyu rak, Allah bai ba su haihuwa ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, wani zanzaro ya fara gini a jikin murfin tagar da ke saitin gadonta. Ba ta da abin yi sai kallo. Ran nan na kai mata kunu na ji tana kira: "Malam, zo ka gani, ya sake kawo laka."

"Macen ce ke ginin," in ji shi.

"Shi ya sa ba ta hutawa. To, kada kowa ya taɓa, sai na ga ɗan."

Ba ta gani ba. Muna cikin zaman makokinta aka ce a tashi, za a rushe Zongo, mu koma can bayan gari. Kowa na ɗaure kaya, Buraima yana cire tagar nan. Ɗan kamashon kamiyo, babbar motar kaya, ya ce, "Baba, kamiyo ta cika, ka jefa katakon nan sama." Ya ƙi. A cinya ya rungume ta har muka isa, yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Wallahi ya ba ni tausayi.

A sabon wurin ya jingine ta a rumfa, ya kafa kyamara, ya tare a gabanta. Har na fara cewa girgizar mota ta kashe ɗan. Wani hantsi ina zuba masa koko sai lakar ta fashe, ɗan zanzaro ya turo kai, fukafukai a jiƙe.

Buraima bai taɓa kyamarar ba. Waiwayawa ya yi wajen ɗaki, ya ce, "Salamatu, zo ki gani."