Goron da Madam ta ƙi karɓa

Na daɗe ina jujjuya maganar nan a raina kafin in rubuta ta. Na sha farawa ina gogewa, don tsoron kada ta kai kunnen waɗanda bai kamata su ji ba. Amma tun da na dawo abinci ba ya shiga yadda ya kamata, shi ya sa na ga gara in faɗa muku yadda tafiyar ta kasance, wataƙila a cikinku akwai mai sani.

Ni kafinta ne, shagona yana unguwar Alibandeng a nan Libreville. Wata ƙungiya mai taimaka wa makarantun ƙauye ta fitar da sanarwa tana neman wanda zai yi wa wata firamare bencina da tebura, can bayan garin Kango. Irin abin nan ne da ake kira apel dofar. Ba kamar cinikinmu ba ne da za a zauna a taya, a yi albarka, a daidaita. Kowa zai rubuta irin katakon da zai sa, da yadda zai kai kayan, da lokacin gamawa, da kuɗinsa, ya liƙe a ambulan ya kai ofishinsu da ke unguwar Batterie IV. Kuma dole ka je ka ga makarantar da idonka ranar da suka sa, a ba ka takardar shaida. Aiki ya ja baya a shagona, masu yi mini aiki kuwa duk magidanta ne, wuni suke yi suna share wurin da aka riga aka share. In na samu aikin nan za su zauna. In ban samu ba, ban san da bakin da zan sallame su ba.

Mun fito ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina mutumin Garwa mai sayar da kayan mota. Faransancin kasuwa ina jin sa, amma na takarda sai shi. Ina sa takalmi maiɗakina ta miƙo mini ƙunshi, goro ne a ganye da ɗan kilishi. Ta ce, “Malam, ba a zuwa wurin manya hannu rabbana.” Ni ma haka na taso na gani, sai na jefa a jaka.

Tasi ta sauke mu a PK8, inda ƙananan bas ke lodin masu shiga cikin ƙasa. Gari bai gama wayewa ba amma wurin ya cika, masu kiran fasinja suna jan hannun mutane, mata suna yanka burodi suna zuba wake. Muka karya da shi a tsaye. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na sani, direba ya ce mai ne. Muna zaune ina ta taɓa aljihu in ji ko katin zamana yana nan. Abokina ya ce, “Mutumina, in ka ci gaba da shafa katin nan hoton zai goge, jandarma su ce ba kai ba ne.”

Har garin Ntoum hanya ba laifi, sai dai cunkoso. Daga nan daji ya rufe mu hagu da dama, kore shar, ba ka hango nesa kamar a gida. Manyan motoci ɗauke da gungumen icen katako da ake kira okume suna wucewa, kowane gungume a kwance kaurinsa ya fi tsayina. Duk wadda ta gifta sai na karanta abin da ya sawwaƙa. A bakin hanya an jera ayaba da rogo mai ƙunshin ganye da 'ya'yan itacen da ake kira atanga, can kuma naman daji a rataye jikin sanda, wanda ban tsaya tantance ko na mene ne ba. An tsayar da mu an duba takardu, aka miƙo mini katina ba a ce komai ba. Duk da haka sai da muka haye gadar Kango hankalina ya ɗan kwanta. Ruwan kogin jawur, faɗinsa ya ba ni tsoro.

Mun isa ƙauyen da hantsi. Masu neman aikin sun riga mu, wasu da motocinsu, akwai mai kwat da jakar kwamfuta. Wata mata ce ta zo daga ƙungiyar, kowa Madam yake ce mata, ba ta da yawan fara'a amma ba ta wulaƙanci. Ita da shugaban makarantar suka zagaya da mu azuzuwa. Yara suna zaune a kan bulo da guntayen katako. Na auna ƙofa, na taɓa daɓe na ji danshi, na ce a raina ƙafafun benci sai katako mai tauri. A nan na ji daɗin zuwana, don takarda ba za ta gaya maka wannan ba.

Da aka gama, na hangi Madam ita kaɗai a gindin mangwaro kusa da motarta. Na je na gaishe ta, na miƙa ƙunshin da hannu biyu na ce ga ɗan tsaraba daga gida. Sai ta mayar da hannayenta baya. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, “Misiye, ba na karɓar komai daga mai neman aikin nan, ko ruwan sha.” Ta kira shugaban makarantar ya zama shaida, ta ce in kwance ƙunshin a gaban jama'a.

Na kwance. Ga goro fari da ja, ga kilishi. Mai kwat ya leƙo ya yi dariya. A lokacin na gane abin da ake zaton na ɓoye a ciki, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokina ya fara bayani cewa al'adarmu ce, ta ce ta gane, amma ta buɗe littafinta ta yi rubutu.

Wani dattijo, shef na ƙauyen, wato mai gari, shi ya rufa mini asiri. Ya matso ya ɗauki goro ɗaya ya fasa, ya ce, “Baƙo ya kawo gaisuwa, to gari ya kawo wa. Ku miƙo nan.” Ya rarraba wa kowa, har mai kwat ya ci. Madam kaɗai ba ta taɓa ba. Bayan nan ta sa hannu a takardun shaida, ta ba ni tawa kamar ta kowa. Na ce, “Madam, me kika rubuta a kaina?” Ta ce, “Abin da ya faru. Kwamiti ne zai duba.”

A hanyar dawowa ban ga daji ba, ban ga kogi ba. Abokina ya zaro takardun sanarwar yana bin su da yatsa mota na jijjiga mu, har ya kai wurin da aka ce duk wanda ya ba ma'aikacinsu kyauta don neman alfarma za a iya jefar da ambulan ɗinsa. Ya ce, “Wallahi mutumina, wurin katako da ranaku na karanta maka, wannan na ɗauka surutun lauyoyi ne.” Ban ga laifinsa ba. Ya ce ai an rubuta don neman alfarma, kai kuwa gaisuwa ka kai. Na ce to wa zai shiga zuciyata ya gaya wa kwamiti?

Mun sauka PK8 ana kiran magariba. Da na shiga gida maiɗakina ta ce, “Sun ji daɗin goron?” Na ce duk gari ya ci. Sai da ta idar da salla na gaya mata sauran, ta tashi ta bar tuwonta.

Abin da na koyo shi ne, a irin aikin nan hannu rabbana ake zuwa, gaisuwar baki ta isa. Yanzu ma matar ba ta ba ni haushi. Da mai kwat ne ya ja ta gefe da ƙunshi, ni ma zan so a kwance a gabana.

To jama'a, ga roƙona. In akwai wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti, ko ya taɓa neman aiki ta wannan hanya a nan Libreville, don Allah ya gaya mini: goron da aka kwance a gaban jama'a, gari ya cinye, ana lissafa shi cikin kyautar da ke kore mutum? Kuma in sa takardar bayani a cikin ambulan ɗina, ko in yi shiru kada in tuna musu? Abokina ya ce in yi shiru, zuciyata ta ƙi. Ranar Juma'a ake rufe karɓa. Masu aikina ba su san komai ba, yau ma ɗayansu ya tambaye ni ko ya fara neman katako. Ambulan ɗin yana nan a kan tebur, ban liƙe shi ba.