Harsashin da Ba Shi da Albarushi

Manchester

Ƙarfe shida saura kwata na asubar Asabar na ja ƙofar gidanmu da ke Whalley Range, ana yayyafin nan na watan Oktoba wanda ba ya jiƙa mutum sai ya ɓata masa rai. Birmingham na nufa, wurin aminina Injiniya Habu, kuma bakina ne ya jawo mini tafiyar.

Ku na gida kun san mahaifina Sarkin Baka ne. Abin da mutanen nan ba su sani ba, ni tun ina shekara tara aka tura ni makarantar kwana, ban taɓa ɗana kunamar bindiga ba. Amma shekara goma sha ɗaya ina cika baki a wuraren suna da walima, har barewar da baba ya harbo ta zama tawa.

Shi kuwa Habu, ragin ma'aikatan da aka yi a ƙaramar hukumarsu ya rutsa da shi, ga 'ya'ya huɗu. Ya ɗan jima yana zuwa wani kulob na harbin allo, a nan wani manomi ya ce zai ba shi aikin rage barewar da ke cinye masa dashe, in dai ya samo lasisin bindiga kafin sanyi ya kankama. A ƙasar nan sai ka rubuta wa 'yan sanda irin harsashin da kake so a fom, kuma ƙarfin Habu na bindiga ɗaya ne, ita ce ta gona, ita ce ta harbin nesa. Da ya tambaye ni a waya, sai na leƙa intanet, na zaɓo wanda sunansa ya fi ban tsoro. Na ce, "Injiniya, ɗauki .300 Magnum, harsashin maza." Ya ce in zo ranar baƙi ta kulob ɗinsu mu gwada.

Bas ta tashi ƙarfe shida da rabi, tikiti fam tara. Mil tamanin da 'yan kai ne. Direban ya ce mini, "Ka yi sammako, aboki." Na ce farauta za ni. Har shi ban ƙyale ba.

Sparkbrook

Ƙarfe tara da minti goma muka shiga tasha, na hau wata bas ɗin zuwa Stratford Road. Maman Ikram, matar Habu, ta aje mana ƙosai da kunun gyaɗa. Na lura an kashe abin ɗumama gida, yara duk sanye da rigunan sanyi a falo.

"Yau ga mu ga ɗan Sarkin Baka," in ji Habu. "Na gaya wa coach ɗinmu barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. She can't wait to meet you."

Ƙosan nan da daɗi, amma na aje na ukun ban ci ba.

Filin harbi

Mil ashirin da biyu muka yi a tsohuwar motarsa, muka isa sha ɗaya saura. A ƙofa aka duba katina, na sa hannu a littafin baƙi, aka ba ni abin toshe kunne. Mai koyarwar wata dattijuwar Baturiya ce, gajera, Habu yana kiranta Misis Pat. Ta jera harsasai huɗu a kan tebur ta yi mana bayani. Na farko .243, mai sauƙin kai, ya ishi barewar yankin, sai dai iska na wasa da shi a nesa. Na biyu .308, ko'ina ana samunsa. Na uku 6.5, siriri dogo, yana ratsa iska har yadi ɗari shida kuma ba ya dukan kafaɗa sosai. Na huɗun, wato .300 ɗina, ta ɗaga shi tana kallona.

"Wannan ka zaɓa masa? Tsada gare shi, yana ɓata nama, filaye da yawa ba sa yarda da shi, kuma a ƙaramar gona irin waccan da wuya 'yan sanda su amince. Me kuke harbi da shi a ƙasarku?"

Na ce, "Ɓauna." Allah ya yafe mini.

Ta ce to mu fara da ƙanensa. Na kwanta rub da ciki, ta ɗura .308, na leƙa madubin saiti na ja kunama. Jama'a, jaki ya taɓa shurina ina yaro, wannan ya fi shi. Inda harsashin ya faɗa, Allah kaɗai ya sani. Na ce madubin ne bai daidaita ba.

Ta karɓa, ta juya mini baya ta sake ɗurawa. Na ja kunama, sai na ji ƙyas, shiru. Ashe harsashin gwaji ta sa, wanda ba shi da albarushi. Ni kuwa na riga na runtse ido, na ɗage kai, na tura bakin bindiga ƙasa, har da 'yar ƙara. Mutum shida suna tsaye suna kallo.

Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta ce a hankali, "Duk sabon shiga haka yake yi." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Habu ya kwanta da 6.5, ya zuba biyar a allon yadi ɗari shida, duk a wuri ɗaya. Ashe shi ne maharbin, ni ne mai baki.

Hanyar komawa

Mun yi kusan mil goma da barin filin. A wata mahaɗa na ce, "Injiniya, yau ne farkon harbina a duniya. Ka yafe mini. Ka cire .300 ɗin nan, ka rubuta 6.5."

Ya sha kwana, sannan ya ce:

"Sadisu, ai na riga na yi posting ɗin fom ɗin tun ranar Litinin. Na ce tunda kai ka faɗa, why wait?"

Na tambaye shi ko za a iya gyarawa. Ya ce za a iya, sai dai ofishin lasisin ma an rage musu ma'aikata, takardar da aka taɓa tana iya komawa ƙarshen layi, manomin kuma akwai wani da ke jiran aikin a wurinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a Balsall Heath muka yi La'asar, ya sayo mini burodi da gasasshiyar kaza na hanya, fam huɗu, ya rantse ba zan biya ba.

Manchester

Bas ɗin ƙarfe biyar na hau, cunkoso ya riƙe mu kusa da Stoke, na buɗe ƙofar gida takwas da kwata. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Maman Ikram da Misis Pat, na kuma gode wa Habu, wanda ya sake cika fom ran Litinin bai ƙara tayar mini da maganar ba. Yau sati bakwai ke nan, sanyi ya shigo, takarda ba ta fito ba. Kullum in na kira shi sai ya riga ni cewa, "Ba komai, Sadisu," ni kuma na san da komai.