Ranar da Wuta ta Tsare Mu a Gandun Daji

Cikin shekarun da na yi ina aikin gandun daji, akwai wata ranar Laraba da har gobe ban manta da ita ba. Watan Nuwamba ne, an gama yankan gero, ciyawa ta bushe ƙayau. A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a buron Agiye, wato ofishin gandun daji na can. Aikinmu shi ne sintiri a gandun da gwamnati ta keɓe: mu hana saran itace da farauta, mu hana kiwo a wurin da aka yi sabon dashe, mu kuma duba layin wuta, wato tsagin da ake sharewa tas don in gobara ta taso ta rasa abin ci ta tsaya.

Da safe shef ɗinmu, wato shugaban buron, ya kira ni da abokin aikina Laminu. Ya ce an ga shanu a cikin dashe, mu je mu fitar da su, mu rubuto sunan mai su. Muka hau moto ɗaya, wato babur, ni ke tuƙi.

Wanda bai san gandun ba zai ce fili ne kawai. Amma a ciki akwai kalgo da sabara da aduwa, ga gamba da ta fi tsayin mutum. Zabin daji suna nan garke-garke, ga zomo da kurege da dila, wani lokaci har barewa.

Wajen azahar muka tarar da shanun, da wani tsohon makiyayi da ake kira Baffa Juli. Na ciro takarda ina tambayarsa suna, amma ko kallona bai yi ba. Idonsa na sama, wajen gabas.

"Baffa, da kai nake magana," na ce.

"Ɗana, bar takardar nan. Dubi shirwa."

Na ɗaga kai. Shirwa sun fi ashirin suna shawagi wuri guda, ƙarƙashinsu hayaƙi baƙi. Kafin in ce wani abu sai zabi suka keto ta tsakanin ƙafafunmu. Wata dila ta wuce dab da Laminu, ba ta ko kauce ba. Naman dajin da ke gudun mutum yau ya daina ganinmu. Nan na gane gobara ce ta nufo mu.

Muka ruga wajen moto. Na buga, na buga, ta ƙi tashi. Iska ta ƙaru, muka fara jin ƙarar wutar, gamba tana fashewa kamar ana harbi. Layin wuta yana da nisa, ba wanda zai kai can da ƙafa. Laminu ya ce mu gudu yamma.

"In kun gudu za ta cim maku," in ji Baffa. "Wa ke da ashana?"

Doka ta hana ma'aikaci kunna wuta a gandu sai da izinin shugabansa. Na ciro salula in kira shef, babu reso, kira ba ya shiga. Na tsaya da ashana a hannu ina tunanin aikina, ina tunanin 'ya'yana biyu a Cadawa. Baffa ya daka mani tsawa: "Ƙyasta, ɗana!"

Na ƙyasta. Ya nuna mani inda zan sa, yamma da mu, inda ciyawa ba ta da tsayi. Iska ta kwashi wutarmu ta yi gaba da ita, ta bar ƙasa baƙa tana hayaƙi. Baffa ya yi wa shanunsa wani kira da Fulatanci, suka bi shi cikin tokar, mu ma muka bi. Zafin ƙasa yana ratsa takalmi. Ya ce mu kwanta rub da ciki, mu rufe hanci da riga.

Da babbar wutar ta iso, rana ta ɓace. Ban iya ganin Laminu ba, sai salatinsa nake ji. Zafi ya gasa mani baya har na ɗauka rigata ta kama. Wata saniya ta taka mani hannu, ban ko motsa ba. Wutar ta zo bakin inda muka ƙone, ta rasa ciyawa, ta rabu biyu ta wuce. Da muka tashi, motonmu ta zama ƙarfe zalla. Wani damo yana kwance kusa da ƙafata, shi ma nan ya fake.

Kashegari na rubuta rahoto, ban ɓoye cewa ni na kunna wuta ta biyu ba. Shef ya karanta, sannan ya ce, "Sunan mai shanun fa?"

"Ranka ya daɗe, ban rubuta ba."

Ya dube ni, ya dubi hannuna da ke ɗaure, ya sa takardar a durowa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, a lakol an koya maku doka da sunayen itatuwa, kuma ku riƙe su da kyau. Amma mutanen da za a aike ku ku kora sun girme ku a dajin nan. In kun tarar da tsoho yana kallon sama, ku bar rubutu tukuna, ku tambaye shi abin da ya gani.